Tayoyin da Baba Ya Ƙi Saya

Asabar ɗin ƙarshe kafin Kirsimetin shekarar da nake aji huɗu, ina gama wanke kujerun tsohuwar bas ɗin Baba ya ja ni zuwa wurin masu tayoyin gwanjo a Kakuri. Shi zai kai matan zumunta na cocinmu Zonkwa, har da Mama, ga tayoyin baya sun suɗe tas kamar tafin hannu. Rayukan matan nan duk a wuyansa suke.

Mai taya ya gunguro mana wasu biyu baƙaƙe wuluk, zanensu da zurfi, da ƙananan ramuka a jere. Ni dai sun tafi da ni. Akwai takarda manne a jikinsu da rubutu iri biyu, Baba ya ce in karanta tunda ni ce 'yar boko. Ko kalma ɗaya ban iya karantawa ba. Baba bai taɓa zama a aji ba, amma ya durƙusa, ya danna farce a robar, ya shafa ramukan. "Wannan ta ƙasar ƙanƙara ce, nan gurbin ƙusoshi ne. Kwaltar Kachia da rana tsaka ba za ta bar ta ba." Ya zaɓi wasu munana masu tauri. Har gida ina kumbure-kumbure, Mama ma ta ce ya kwaso tsufa ya ƙara wa tsufa. Wani direban layinmu ya saye kyawawan. Ranar tafiya muka tarar da shi bayan Kachia, taya ta yi fata-fata, fasinjojinsa a gindin bishiya. Baba ya tsaya ya ba shi safayar tayarsa. Ranar na san irin uban da Allah ya ba ni.

Yau aikin jinya nake yi a Finland, inda ake harsuna biyu, nasu da na Sweden. Abokan zuwana suka ɗauki na Sweden, wai ya fi kusa da Turanci. Ni sai da na saurari tsofaffin da zan riƙa jinya tukuna, na ɗauki na Finland, mai wuyar tsiya, shekara biyu yana sa ni kuka. Duk shigowar sanyi nakan sa wa motata taya mai ƙusoshi. Da na gaya wa Baba a waya, ya yi dariya ya ce, "To, can ne gidanta." Sai ya tambaye ni yaushe zan zo nawa gidan.