Injin da Ake Ce wa Na Malam

Har gobe, in ina tafiya cikin gari na ji ƙarar injin niƙa, wannan tum-tum-tum ɗin da ke kaɗa ƙasa a ƙarƙashin ƙafa, sai in ji fatar kaina ta ɗaure a bayan kunnen hagu. Kada ka ce in je asibiti, na san abin da ke damuna. Wurin da Inna ta ja mini gashi ne wata safiya a Salaga, kuma ban ga ranar da zai saki ba.

Ba Inna ce ta haife ni ba. Matar yayan mahaifina ce, wanda muke kira Baba Babba. Allah bai ba su haihuwa ba, saboda haka ana yaye ni mahaifina ya ɗauko ni daga Yendi ya kai mata riƙo, kamar yadda ake yi a danginmu. A bayanta na yi wayo, a tabarmarta na yi fitsarin kwance har na kai munzalin jin kunya. Ita 'yar Bawku ce, aure ya kawo ta. Ba ta da kowa a Salaga sai mijinta sai ni.

Man kaɗe take yi. Da damina ta sauka za ta sayi 'ya'yan kaɗanya hannun matan ƙauye, ta dafa, ta shanya, ta fasa, ta soya, gidanmu ya turnuƙe da wani hayaƙi mai ɗaci da ke kama zane ya ƙi fita. Na sha farkawa in same ta durƙushe gaban ƙwarya, hannu ya nutse har gwiwa, tana kaɗawa tana waƙa ƙasa-ƙasa. Shekara da shekaru tana tara kuɗin man. Bayan shekarar yunwar nan da gobarar daji ta cinye gonaki, da abinci ya dawo, sai ta lura matan unguwarmu ta Zango har ƙarshen gari suke kai niƙa. Ta tattara abin da take da shi ta ba Baba Babba, ya tafi Kumasi ya sayo mata inji, wanda mu a can muke kira nika-nika.

Ranar da aka kafa shi a rumfar ƙofar gida an tara malamai, an raba goro da koko. Ana shafa addu'a Inna ta fito lulluɓe, ta durƙusa gaban mijinta ta ce, "Malam, ga injinka. Allah Ya sa albarka." Haka mace mai tarbiyya take yi a lokacin. Ba ta tsayawa gaban jama'a ta ce abu nata ne alhali mijinta na zaune, wannan zubar masa da girma ne. Shi kuwa bawan Allah bai taɓa cewa nasa ne ba, ko wa ya zo da magana a kan injin sai ya nuna cikin gida. Amma suna ya riga ya bi shi. Duk Salaga injin Malam ake cewa, har matan da suka san ainihin mai shi.

Kai, na ji daɗin shekarun nan! Da kaka mata su yi layi da kwanonin masara da dawa da busasshen rogo, gari ya hau girar kowa, mu fito fari fat muna yi wa juna dariya. Direbobin da ke lodin doya zuwa Kpandai su tsaya shan ruwa. Da an kira azahar Inna take sa a kashe injin, komai tsawon layi. Wai shi ma ya gaji, a bar shi ya huce.

Zazzaɓi ne ya ɗauke Baba Babba, a farkon sabuwar doya. Inna ta shiga takaba, ba fita, ba ado, ba ƙamshi. Mahaifina ya zo daga Yendi, domin shi ne magaji: matar da ba ta da ɗa rubu'i take samu, saura na ɗan'uwa ne. Limaminmu kuwa mutum ne mai tsoron Allah. Ya ce ba zai raba komai ba sai an ware abin da ba na mamaci ba ne, kuma da bakinsa zai tambayi matar.

A safiyar da zai zo, ina zaune tsakanin ƙafafun Inna tana yi mini kitso, sai mahaifina ya yi sallama ya tsuguna a bakin ƙofa, bayan asabari. Ya gaishe ta da haƙuri cikin ladabi, don bai taɓa ɗaga mata murya ba. Sannan ya ce, "Yaya, ni dai ba na son hayaniya a gidan ɗan'uwana. In an gama rabon nan lami lafiya, ban ga abin da zai raba ki da yarinyar nan ba."

Nan ne ta ja gashin. Ba da niyya ba, yatsunta ne suka ƙanƙame. Na yi ƙara, ta ce, "Yi haƙuri, 'yar Inna," ta shafa wurin. Ina da wayon da zan ji zafi, ba ni da wayon da zan gane cewa ciniki aka yi a kaina.

Ba a gama kitson ba Liman ya iso da dattawa. Shi ma daga bayan asabari ya tsaya, ya ce mata ta ji tsoron Allah ta faɗi gaskiya, dukiyar mace tata ce, ba ta shiga gadon miji. Ya ambaci injin da kansa. Ina jin numfashinta a ƙeyata. Ta ce, "Allah gafarta Malam, ai kuna wurin ranar da aka kafa shi. Kun ji abin da na faɗa." Ya sake tambaya, ta sake ba shi wannan amsa. Sai ya ce shi ke nan, shaidu sun ji.

Da ta fita takaba, sai magana ta canza kama. Dangi suka ce macen da ba ta da ɗa ba ta zama a gidan miji bayan rasuwarsa, gidansu take komawa. Mahaifina ya ce ai bai raba mu ba, karatu ne kawai, makarantar Yendi ta fi, duk hutu zan je Bawku. Na yi imani har ya mutu bai ɗauki kansa maƙaryaci ba. Aka kwance injin aka ɗora a lori, aka ɗora ni a gaba kusa da direba. An saya mini sabon takalmin makaranta mai maɗauri, kuma wallahi shi nake ta kallo. Inna na tsaye da ƙullin kayanta tana jiran tata motar, ta miƙo mini ɗan ƙoƙon man kaɗe ta taga, ta ce in riƙa shafawa a ƙafa.

A Yendi injin ya ci gaba da tum-tum ɗinsa a bayan ɗakinmu, sai dai yanzu babu mai kashe shi da azahar. Shi ya saya mini littattafai, shi ya kai ni sakandare, shi ya kai ni jami'a karatun lauya. Hutun Bawku kuwa, yau babu mota, gobe hanya ba lafiya, har aka daina zancen. Ni ma na daina tambaya.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a, wajen ƙarshen shekarun casa'in, malamarmu ta tura mu arewa bincike a kan haƙƙin matan da mazansu suka rasu, irin wanda ake yi a ƙasashen Afirka da dama a lokacin. Na zaɓi Bawku. Na je da rikoda a jaka da doka cike da baki. Na same ta a gidan ƙanenta, a ɗan ɗaki kusa da turken awaki, tana yanka albasa ta shanya don sayarwa. Ta ƙanƙance, amma hannuwan nan suna nan. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Iye! Lauya ce da kanta a ɗakina? Bari in nemo kujera, kada zanen Ankara ya yi datti."

Bayan mun ci tuwo na kunna rikoda, na yi mata tambayar da nake yi wa kowa, ko an taɓa ƙwace mata dukiya bayan rasuwar miji. Ta ce a'a, babu wanda ya ƙwace mata ko tsinke, Liman ya tambaye ta, ita ta ba da amsa. Raina ya ɓaci. Na shiga zuba mata karatu, cewa shari'ar Musulunci na bayanta, dokar gwamnati na bayanta, matan Zango da suka ga tana tarawa suna da rai, ko yanzu in ta yarda zan tsaya mata a dawo mata da injinta. Ta bar ni na gama tsaf.

"To, 'yar Inna," ta ce, "a dawo mini da inji. Ke fa, wace kotu ce za ta dawo mini da ke?"

Na kashe rikodar. Ita ce ma ta rarrashe ni, ta ce in share fuska kada mutanen gida su ce ta zage ni. Da zan tafi ta tambaye ni ko ana barin injin ya huce da azahar. Na ce mata eh.

Inna ta rasu da daɗewa. Yau injinan Salaga da lantarki suke aiki, ba su da wannan ƙarar sai ɗai-ɗai a ƙauyuka. 'Yan matan Zango suna sayen abinsu da sunansu, su faɗa a gaban kowa, babu mai ganin rashin kunyarsu, kuma ina murna da haka. Ni ma aikina ke nan, na zaga ƙasashe ina tambayar mata, ina rubuta abin da ya kamata a gyara a doka, ana tafa mini a taro. Amma duk sa'ar da wata ta ce mini ba a ƙwace mata komai ba, ita ta yafe da bakinta, ba na wucewa zuwa tambaya ta gaba. Ajiye alƙalami nake yi in tambaye ta, ranar da ta yafe ɗin, wa take yi wa kitso.