Goyon da Na Yi a Garin Kayan Wasa

Kiɗan ne ya fara ɗaukewa. Tun isowarmu lilon nan mai dawakan katako yake zuba kiɗa har ya ishe ni, sai kawai na ji ɗif. Na waiga, na ga wani ma'aikacin wurin mai riga ruwan ɗorawa yana jan ƙyauren fita, iyaye kuma kowa yana fizgo ɗansa yana ƙanƙamewa. Na ce a raina, Allah ya sa ba mai bindiga ba ne ya shigo. Ashe ni ake nema.

Bari in koma farko, don masu tambayata dalilin shiruna kwana biyu. Yanzu haka ina rubutun nan ne a ɗakina a unguwar Highbridge, nan ƙasar Turawa.

Mun tashi da asuba ranar Asabar, ana idar da salla. Matan masallacinmu ne suka haɗa tafiyar don yara su sha iska kafin a koma makaranta. Akwai Yayata da nake zaune a wurinta, da jaririyarta, da wata Hajiya ma'aikaciyar jinya da ta daɗe a ƙasar nan, sai sauran mata da yara cike da doguwar motar haya. Ni ko shekara ban yi ba da zuwa daga Kano, takardun zamana kuma suna gaban hukuma ana jiran amsa. Kullum gargaɗin mijin Yaya ɗaya ne: duk abin da zai haɗa ni da ɗan sanda in guje shi, don laifi ɗaya ya isa a ce in tattara in koma.

Muna haye gada dogayen gine-gine suka fara ja da baya, sai daji da tuddai, kore shar har iya ganinka. Na ga shanu a gona ba makiyayi, na ga kuɗin hanya ba mai karɓa, wai kyamara ce ke rubuta motar. A wurin hutawa na sayi shayi dala huɗu, ba citta ba kanumfari, ruwan zafi ne kawai da aka yi wa alkunya. Yaya ta buɗe kular dafa-duka da dambun nama. Direbanmu, wani dattijo ɗan Zangon Kumasi, ya ce in aka cinye ba a ba shi ba, a nan zai juya mota.

Bayan azahar muka shiga garin. Ɗan ƙarami ne, babban titinsa guda ɗaya, amma komai nasa wasa ne. Turakun fitila an yi musu fenti kamar sojojin katako, kujerun bakin hanya an sassaƙa su kamar taragon jirgi, a shataletale kuma ga wani ƙaton agwagwa mai taya ya fi ni tsawo. Wata tsohuwa a ƙofar gidan tarihi ta ce wani kafinta ne ya fara sassaƙa wa 'ya'yansa abin wasa a bayan gida, abu ya girma ya zama kamfani, har ya zamana da wuya ka sami gidan da babu wanda ya taɓa aiki a can. Ita ma idon 'yan tsana ta yi ta liƙawa har ta tsufa. Mutanen akwai fara'a, sai dai kallo, don mu kaɗai ne masu hijabi a duk titin.

Daga nan muka shiga filin wasan, mai katanga da ƙofa ɗaya. Ga lilo, ga ɗan jirgin ƙasa mai zagaye, ga masu gugguru da askirim. Yaya ta karɓi jaririyarta za ta shayar, ta bar ni da zanin goyon a kafaɗa.

A gindin lilon na gan shi. Yaro ne Bature, bai wuce shekara biyu ba, gashi kamar gemun masara, takalmi ƙafa ɗaya. Kuka yake har numfashinsa na sarƙewa. Manya suna wucewa, su dube shi, su dubi gefe, ba mai miƙa hannu. Abin ya ba ni haushi. A unguwarmu yaro ba ya irin wannan kukan a gaban babba. Na tsuguna na share masa majina, na ɗaga shi sama ina juyawa, ina tambaya da Turancina na sakandare, ɗan waye, ɗan waye. Kiɗa ya shanye muryata. Shi kuma ya riƙe min wuya ya ƙi saki.

To me mace za ta yi da yaro mai kuka, ga zani a kafaɗarta? Na sunkuya na goya shi. Rana tana duka, sai na saki hijabina ya rufe shi ruf, kamar yadda kowace mace take yi a gida. Na nufi inuwar wata bishiya kusa da ƙofa, ina jijjiga shi, ina cewa uwar dole ta nan za ta biyo. Kafin in kai ya yi barci.

A lokacin ne kiɗan ya ɗauke.

Lasifika ta fara magana. Ban kama duka ba, amma na ji yaro, na ji takalmi ɗaya, na ji mace mai dogon mayafi. Sai na ga yatsu suna nuno ni. Wasu ma'aikata biyu suka tsaya gabana, ga 'yar sanda tana tahowa da sauri, hannunta a ƙugu. Ta ce kada in motsa, in nuna hannuwana. Ta ce me ke ƙarƙashin mayafin. Sai a sannan na ga kaina yadda suke ganina: baƙuwa, a bakin ƙofa, da ɗan mutane a ɓoye a bayanta.

Na ce bari in sauke shi, ta ce kada in taɓa. Su kuma ba su san yadda ake kwance goyo ba, suna ta jan zanin ta baya, yaro ya farka ya tsala ihu. Wata mata ta keto taron tana kururuwa, ta fizge shi. Kallon da ta yi min ba zan manta shi ba har in mutu.

Aka kai ni wani ɗan ofis bayan rumfar sayar da tikiti. Ba a sa min ankwa ba, amma na gan ta tana reto a jikin ɗan sandan da ya tsare ƙofa. 'Yan tsana jere a kan kanta, duk idonsu a kaina. Aka karɓi katin shaidata. Ina za ki kai shi? Me ya sa kika rufe shi? Motar wa ke jiranki a waje? Turancina ya gudu ya bar ni, sai "sorry" nake ta maimaitawa, ina ji kuma kamar amsa laifi nake. Na tuna Ummana da ta raka ni filin jirgi tana cewa in kama kaina. Na ce yau da wane baki za a gaya mata 'yarta tana kurkuku da sunan satar yaro.

Can sai ga Hajiya ta shigo, Yaya tana bayanta ido jawur.

"Ke kuwa wace irin yarinya ce?" in ji Hajiya. "Nan Fagge aka ce miki?"

"Hajiya, kuka yake yi. Wallahi kuka yake yi."

"Ya yi ta yi! A nan sai ki tsaya kusa da shi, hannunki a aljihu, ki kira ma'aikatan nan masu riga ruwan ɗorawa. Ba ki ga rumfar yaran da suka ɓace ba?"

"Ban san da ita ba."

"To rufe bakinki da sorin nan, kada ki ƙara cewa komai."

Ta juya ga 'yar sandar ta sauya harshe. Ta ce a inda muka fito yaro na duk wanda ya gan shi ne, kuma goyo ba ɓoyo ba ne. Ta ja Yaya ta juya musu bayanta, ta ɗaga hijabin, ga jaririya ɗaure da ɗankwali tana barcinta. 'Yar sandar ta duba, fuskarta ba ta nuna komai ba. Ta ce za su kalli abin da kyamara ta ɗauka, ta fita.

Zaman jiran nan ban san da me zan kwatanta shi ba. La'asar ta yi, na kasa tambayar inda zan yi alwala. Ta bango ina jin muryar uwar yaron tana sama tana ƙasa. Duk takun da na ji sai in ce shi ke nan, motar kai ni kurkuku ce ta zo. Ba abin da bakina ke iya kamawa sai Hasbunallahu, shi ma rabi-rabi. Yaya ta riƙe hannuna, nata ya fi nawa sanyi.

Da 'yar sandar ta dawo, ta ja kujera ta zauna, abin da ba ta yi ba ɗazu. Ta ce sun ga yaron yana yawo shi kaɗai tun kafin in iso. Sun ga na ɗaga shi sama ina juyawa ina kira, sun ga kuma na tsaya a inuwa ban taka ƙofa ba. Ta ce ɓarawo ba ya ɗaga abin sata sama.

Ba ta rufe baki ba sai ga uwar a bakin ƙofa, yaron a kafaɗarta, zanin Yaya a ninke a hannunta. Ba ta shigo ba. Ta miƙo zanin, ta ce wani abu ƙasa-ƙasa, ban sani ba ko godiya ce ko ban haƙuri. Yaron ya gan ni, ya washe baki, ya miƙo min hannu biyu.

Ni da na goyi ƙannena duka, na goyi 'ya'yan maƙwabta, wallahi ban san lokacin da na kai hannuwana baya na harɗe su ba. Abin da tafiyar ta koya min ke nan, kuma ban ji daɗin koyonsa ba. Ɗa na kowa ne, amma ba a kowace ƙasa ba.

Na tambayi 'yar sandar, muryata kamar ta aro, ko wannan zai shafi takarduna. Ta miƙo min katina ta ce ba a tuhume ni da komai ba, babu abin da zai bi ni, in tafi gida. Na sa Hajiya ta maimaita min da Hausa. Daidai nan wani tsuntsun katako ya leƙo daga agogon bango ya yi kukan ƙarfe biyar, na zabura har kujera ta faɗi. Hajiya ta ce, "Tashi mu je, uwar goyo, an ce ba ki da laifi." Maimakon in bi ta, sai na zauna a ƙasa na fashe da kukan da na riƙe tun ɗaukewar kiɗan.