Bazarar da Yayata Ta Ƙi Zare Caja

Mijin yayata ma'aikacin kiwo ne a Tibiri. Shi ke yi wa shanu da awaki allura, shi ake kira in saniya ta kasa haihuwa ko wata cuta ta shiga garke, har makiyaya ba su san shi da wani suna ba sai likitan shanu. Yana da wata baƙar kwamfuta ta ɗauka, wadda mu can muka fi ce wa ordinater. Hannu na biyu ya saye ta a Yamai. A cikinta yake rubuta rahoton aikinsa, a cikinta kuma yake zuba duk hoto da bidiyon da ya ɗauka, na rijiyoyi da rugage da ƴaƴansa, don wayarsa ƙarama ce, ba ta ɗaukar kaya da yawa.

Ranar da ya rasu, sanyi na ƙarewa. Bayan azahar yana zaune a ɗaki yana rubutu, sai aka kira shi ta waya, wai wata saniya ta kwanta a wata ruga kan hanyar Gesheme. Ya miƙe ya bar na'urar a buɗe bisa gado, ya ce wa yayata ta ajiye masa abincinsa. Babur ya ƙwace masa a cikin yashi, kansa ya bugu. Kafin a kai shi asibitin Dogon Dutsi rai ya yi halinsa. Wayar ma a wurin ta farfashe.

Ni a lokacin ina koyarwa a Kore Mairuwa. Na zo na tarar da gida cike, aka yi jana'iza, aka zauna karɓar gaisuwa. Sai da mutane suka fara raguwa na shiga ɗakin yayata, na ga na'urar tana nan bisa katifa, fuskarta na haske, igiyar caja ta miƙe zuwa bango. Babbar ɗiyarsu, wadda ke karatu a lise, wato sakandare, a Dogon Dutsi, ita ta ja ni gefe ta gaya mani dalili. Ta ce ranar da babanta ya rasu, uwarta ta kai hannu za ta rufe murfin, ita kuma ta riƙe mata hannu.

"Kawu, in ta mutu, da an sake kunna ta sai ta nemi kod, lambar sirrin buɗe ta. Baba kaɗai ya san shi."

Na tambaye ta yadda aka yi na'urar ba ta kulle kanta ba duk kwanakin nan. Ta ce babanta ne ya hana ta barci tun da daɗewa, don yakan saka karatun Alƙur'ani da safe ya bar shi yana yi, ba ya son ya yanke.

Haka yayata ta shiga takaba da na'urar a gefenta. Ba ta yi lakwal ba, wato karatun boko, amma ɗiyarta ta nuna mata maɓallin da za ta danna hoto ya wuce wani ya zo, da wanda za ta danna bidiyo ya yi magana. Waɗannan biyun ta riƙe. In an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, batiri ne ke riƙe na'urar har a maido. In ta gama kallo sai ta lulluɓe ta da zane mai kauri, kar ƙananan yaran su taɓa.

Kowane ƙarshen mako nakan hau babur in je in gan su. Wata Asabar ina shan fura a bakin ƙofarta, ta kira ni da sunan da take tsokanata da shi tun da na fara koyarwa, wato mushe, yadda ƴan makaranta ke kiran malami da Faransanci, sai dai ranar babu tsokana a muryarta.

"Mushe, wata da ta zo gaisuwa ta ce mani in aka bar abin ga bisa kuran dare da rana, batirinshi lalacewa yake yi. Gaskiya ne?"

Na ce, "Yaya, ban sani ba. Amma zan tambaya."

"Ka tambaya da kyau. In na zare, tsoro nake ji. In na bari, yanzu kuma tsoro nake ji."

Na fara da abokan aikina. Ɗaya ya ce shi da ta cika yake zarewa, ɗaya ya ce tasa ta shekara a maƙale ba abin da ya same ta, suka kama gardama har aka buga ƙararrawa. Ranar kasuwa sai na tafi Dutsi, wurin wani mai gyaran waya da kwamfuta da ke da rumfar kwano kusa da tasha. Mutum ne mai furfura kaɗan, ba ya saurin magana. Na kwashe labarin duka na gaya masa, ya yi wa mamacin addu'a, sannan ya ce:

"Na'urorin yanzu in sun cika da kansu suke daina sha. Ba cajin ne babban abin tsoro ba. Amma batiri in ya zauna cike kullum, ga kuma zafi, tsufa yake yi da wuri. A ina take ajiye?"

"Bisa katifa. Ana lulluɓe ta da zane."

Ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ni. "A cikin bazarar ga? Ku sauke ta daga katifa yau. Ku ɗora ta bisa abu mai tauri, a ɗaga ƙasanta iska ta shiga, a daina rufe ta."

Na tambaye shi maganar kod, ko zai iya buɗe ta in ta mutu. Ya ce wata yana buɗewa, wata kuwa in mai ita ya kulle kayan daga ciki, shi ma sai kallo. Ya ce ba zai yi mani alkawari a kan kayan mamaci ba, abin da ya fi shi ne mu samu kile, ɗan abin nan da ake sokawa a gefen na'ura a kwashe kaya, mu juye komai tun tana kunne.

Yayata ta yarda da rabin maganar. Muka jawo ɗan teburin da take ɗora kwanuka, muka jera guntayen katako biyu. Na ɗauki na'urar da hannu biyu, ita kuma ta biyo ni tana riƙe da kan igiyar a jikinta kar ya zame, duk da na gaya mata ko ya zame batiri zai riƙe. Amma da na ambaci kile sai ta girgiza kai. Ta ji labarin wani malami a unguwarsu da aka soka wa kile mai cuta, komai nasa ya goge. Ta ce ba wanda zai soka wa na'urar nan komai. Na so in ja maganar, na dubi fuskarta na fasa.

Bazarar shekarar ta yi tsanani. Kuran ya riƙa tafiya tun hantsi, wani lokacin sai la'asar. Da farko batirin na kai su har a maido, daga baya ya fara gajiya. Fanka guda ce a gidan, yayata ta juya ta wajen teburin. In babu kuran kuwa sai ta zauna da mafici tana yi wa na'urar fifita, gumi na zuba daga haɓarta. Ta rame ƙwarai a watannin nan.

Maƙwabcinsu wani saurayi ne ɗan kasuwa, mai sayar da wayoyi da kayan sola, daga cikin matasan nan masu gemu da ɗagaggen wando. Da ya ji halin da ake ciki ya zo ya tsaya a zaure, ya ɗaga murya yadda za ta ji daga ɗaki.

"Inna, addu'arki ta fi hoto amfani gare shi."

Ta ce, "Na sani, ɗana. Ina yi mashi."

Ya juya ya tafi. Da yamma sai ga shi da batirin sola da ɗan akwatin da ke mai da wutarsa irin ta gida, ya miƙa mani a zaure, ya nuna mani yadda ake haɗawa. Ya ce su riƙe har sai sun gama da shi.

Sau ɗaya ta kira ni na kalla tare da ita. Bidiyo ne gajere. Shi ke riƙe da wayar, don haka ba a ganinsa, muryarsa kawai ake ji. An nuno bayanta tana tuƙa tuwo a madafa, yana ta kiranta ta juyo, tana ɗaga hannu tana korarsa, yana dariya. Har bidiyon ya ƙare ba ta juyo ba.

Ta ce, "Ka ji yadda yake kira. Ni kuwa kunya ta hana ni."

Ta sake dannawa, muka sake ji.

Ana cikin haka, wani ƙarshen mako ɗiyarta ta zo daga Dutsi, ita ta fara lura. Wurin da ake jan yatsa a gaban na'urar ya taso, gefenta ya fara buɗewa har ana hango ciki, ga wani wari mai zaƙi-zaƙi in ka matso da hanci. Na ɗauki hoto da wayata na aika wa mai gyaran. Bai rubuto ba, kira ya yi.

"Batirin ya kumbura. Ku kashe ta yau. Kar a danna shi, kar a huda shi. Yana iya kamawa da wuta."

Na fita na sayo kile sabo fil, cikin ledarsa a liƙe, na kawo na ajiye a gaban yayata. Na gaya mata abin da aka ce ba tare da na rage komai ba. Ta dubi ledar ta kau da kai. Ta ce watanni tana kula da ita ba abin da ya faru, yau ma ba abin da zai faru, in Allah ya so. Na yi bayani, na sake yi, ba ta motsa ba. Sai ɗiyarta ta durƙusa kusa da ita, ta yi magana a hankali.

"Inna, ƙannena a ɗakin ga suke kwana."

Yayata ta dubi shimfiɗar yaran. Can ta ɗauki ledar, ta juya ta gaba da baya tana duba ko an taɓa buɗewa, ta sa haƙori ta yage ta da kanta, ta miƙa wa yarinyar.

Tsakanin azahar da la'asar aka yi aikin. Yarinyar na juyewa, wani koren zare na tafiya a fuskar na'urar a hankali, mu biyu muna zaune bisa tabarma muna kallonsa. Da aka gama yayata ta ce ba ta yarda ba sai ta gani da idonta. Yarinyar ta je ta aro kwamfutar maƙwabcin, ta soka kilen, ta buɗe. Hotunan suka fito, muryar ta fito. Yayata ta sa aka bi su ɗaya bayan ɗaya, tana cewa akwai na ranar suna, akwai na sallah, ina na gonar gero, har ta tabbata ba wanda ya ɓace.

Sannan ta tambayi ɗiyarta maɓallin da ake dannawa a riƙe, ta ce mu ba ta wuri. Muka fita tsakar gida muka tsaya a inuwar darbejiya. Ba ta daɗe sosai ba ta kira mu. Fuskar na'urar ta yi baƙi, an rufe murfin iyakar yadda kumburin ya bari, an naɗe igiyar caja an ɗora a gefe. Idanunta sun yi ja, amma muryarta daidai take. Ta ce in fitar da ita waje, in juya fankar wajen yara.

Washegari na kai ta Dutsi. Mai gyaran ya kwance ta a gabana, ya fiddo batirin a hankali, ya kumbura kamar ɗan matashin kai. Ya sa wani, ya kunna, ta nemi kod. Ya gwada abin da ya sani har rana ta yi tsaka, ya ce wannan daga ciki aka kulle ta. Na kira yayata na gaya mata sai dai a goge komai a sake ta sabuwa. Ta tambaya ko kilen na nan a hannun ɗiyarta. Na ce yana nan. Ta ce a goge.

Da aka zo rabon gado na'urar ta faɗa wa yarinyar, ta tafi da ita makaranta. Yayata ta fita takaba da ruwan farko. Ta mayar wa maƙwabcin batirinsa da kwanon dambu a kai, ta ɗauki iri ta bi yara gona.

Bayan an yi girbi, wata safiya ina gidan, wani tsohon makiyayi ya yi sallama a ƙofa, sanda a kafaɗa, ƴar ƙwarya a hannu. Sun yi rani a kudu, suka wuce arewa da damina, sai yanzu suka dawo. Ya ce likitan shanu yake nema, akwai maruƙan da ba a yi wa allura ba. Yayata ce ta fito ta gaya masa. Tsohon ya sauke sandarsa, ya zauna a ƙasa nan bakin zaure, ya daɗe kansa a sunkuye. Ya yi addu'a mai tsawo, rabi da Hausa rabi da Fulatanci, muka shafa. Yayata ta kwatanta masa ofishin kiwo, ta ce an kawo wani sabo, mutumin kirki ne, ya je da wuri kafin ya fita daji. Tsohon ya miƙa mata ƙwaryar, man shanu ne a ciki, ya ce ai na gidan nan ne. Ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, na raka shi har bakin hanya.