Saura Kati Ɗaya a Kan Ƙanƙara

Wendell mai walda bai taɓa jiran katinsa ya cika ba. Duk lokacin sanyi idan tafki ya daskare, yakan kafa bukka a kan ƙanƙarar, ya huda rami, ya jefa ƙugiyar kamun kifi, ya hau cacar karta a waya. Da kati huɗu sun zo masa iri ɗaya, saura na biyar, sai ya zuba duk kuɗinsa.

"Tsorata abokan caca za ka yi, su gudu," yake cewa.

Wata ran Lahadi rana ta buɗe, ƙanƙara ta fara narkewa, masunta suka kwashe bukkokinsu, ban da Wendell. Gus, ƙanin matarsa, ya ƙwala masa kira daga gaɓa: "Kai, mai taurin kai! Ka auna kaurin ƙanƙarar nan kuwa?"

"Saura ɗaya!" in ji Wendell.

Ya danna waya, ya zuba duk kuɗinsa. Ruwa ya riga ya fara jiƙa masa safa.