Rawar Kwatano a Tashar Gummi

Motar gyaɗa ce ta kife da mu a hanyar Anka. Mutum biyu ba su tashi ba. Ni na tashi, amma gwiwata ta hagu ta ƙi. Maɗori ya ɗaure ta da kara da tsumma, ƙashi ya kama, sai dai ƙafar ta sandare kamar taɓarya. In zan zauna sai na miƙe ta gaba. Sallah ma a zaune nake yi.

Dako nake yi a tashar Gummi. Ban iya komai ba sai shi. Aikin ɗan dako kuwa na katako ne. A jingina katako da bodin mota, ka hau da buhu a ka, ka jefar, ka sauko. Ƙafar da ba ta lanƙwasa ba ta hawa katako.

Sarkin dako dattijo ne, ba ya kwana-kwana. Ya same ni a inuwar dogon yaro ya ce, "Yanzu damana ta, ba aiki, zamna ka ci da mu. Amma in kaka ta yi, motocin gero sunka taho, in ba ka hawa katako, wurinka sai in ba wani."

Na ce, "Na jiya."

Cikin wannan damina wani direbanmu ya dawo daga Kwatano da rikoda da kaset. Rikoda ba ta yi yawa ba a lokacin. Ya ajiye ta a kan taya a rumfar mai faci, ya danna. Tun a hanya yake cin batir ɗin, sun riga sun yi sanyi. Mu ba mu san da haka ba. Muka ji ganga, muka ji kakaki, da wani ƙarfe da ake ƙwanƙwasawa, duk a hankali, a natse. Sai mawaƙi ya shigo da wata murya kamar bijimi ya faɗa rijiya. Ba wanda ya gane yaren. Tasha ta watse, kowa ya yo rumfar.

Direban ya ce sunan abin salsa. Mu dai rawar Kwatano muka sa mata. Ya nuna mana: ƙafa gaba, ka dawo, ka tsaya, ƙafa baya, ka dawo, ka tsaya, kugu yana bin ƙafa. Ya ce can namiji da mace ke yi, hannu cikin hannu. Aka fashe da dariya. Wa zai ba ka 'yarsa ka riƙe a tashar Gummi? Washegari ya bar rikodar ajiya wurin mai faci, ya yi lodin Ikko. Ya daɗe bai dawo ba.

Mai faci abokina ne, ƙato, tumbinsa ke riga shi shiga ƙofa. Shi ya zama mai kula da batir. Kullum da hantsi ya ciro su, ya jera a kan kwanon rumfa su sha rana. In sun ƙi, ya ɗan daddaka su da dutse. Bayan la'asar a mayar, a danna. In ya samu wasu tsofaffi daga tocilan masu gadi, su ma haka. A saninmu batir ƙara kawai yake ƙarawa. Ba mu taɓa zaton yana da ruwa da saurin kiɗa ba.

Maza suka riƙa kama juna bibbiyu. Wanda ya fi rashin nauyi shi ne amarya. Kamasho da mai shayi, mahauci da mai wankin mota, kowa da tasa amaryar mai gemu. Ni ina gefe da ƙafata a miƙe, ina kaɗa kai.

Wata rana mai faci ya tsaya a kaina. "Gurgu, tashi. Kowa ya ƙi ni, wai ina taka musu yatsu."

"Da wace ƙahwa?"

"Da wagga busassa. Ai ita ba ta jin an taka ta."

Na tashi. Na dafa kafaɗarsa kamar bango. Kiɗan a hankali yake, yana jirana. Na tura ƙafar gaba. Zafi ya harba har tsakar kaina. Na dawo da ita. Na sake. Kafin a kira magariba rigata ta jiƙe, kuma ban tuna rabon da na yi dariya irin ta ranar ba.

Daga nan ban fasa ba. In aka yi ruwa mu matsa cikin rumfa, in an ɗauke mu fito cikin taɓo. Gwiwar ta fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa, sannan ta fara ba da kai kaɗan-kaɗan. Tumbin mai faci ya soma sauka, har ya huda sabuwar ƙofa a bel ɗinsa da ƙusa mai zafi.

Abin ya zama yayi. Samari suka ɗinko wanduna masu faɗin ƙafa da ke share ƙasa, suka sayo takalma masu tudu. Ran kasuwar Adabka na ga wani Bafillace yana gwada takun da sandarsa a kafaɗa, shanunsa suna kallonsa. Muka riƙa gardama a kan mawaƙin. Mahauci ya rantse mai irin wannan murya ba ya shiga ƙofar ɗaki sai a kaikaice, kuma zai cinye cinyar sa shi kaɗai.

Inna ta leƙo ɗakina wata safiya ta same ni ina yi ni kaɗai, na riƙe turmi.

"Kai wanga, mi kaka yi da turmina?"

"Magani na, Inna."

Ta daɗe tana kallon ƙafar. "To ai wagga tana lanƙwasa. Yi ta yi. Amma kak ka bari liman shi gane ka."

Da aka fara yankan gero sai saƙo ya zo daga 'yan tashar Anka. Direban ya bar musu irin kaset ɗin, su ma suna yi. Wai akwai bikin wani direba a Bukkuyum, mu haɗu can a ga gwanaye. Tashar Gummi ta ɗauki zafi. Muka cika mota har saman bodi, ana kiɗa gwangwani tun daga gari. Sarkin dako ya shiga gaba, wai gaisuwar biki za shi. Na san abin da za shi gani.

Bayan azahar aka share fili a ƙofar gidan ango. Mata suka cika zaure da bayan danga, yara a kan bishiya. 'Yan Anka suka ajiye rikodarsu a kan kujera. Ɗayansu ya ciro batir sababbi, ya yage ledar da haƙori a gabanmu, ya zuba.

"Baƙi ka farawa," in ji shi. "Gummi, bisimilla."

Muka jeru, kowa da amaryarsa. Ya danna.

Kiɗan ya zabura kamar an saki doki. Gangarmu ce, kakakinmu ne, amma a guje. Sai mawaƙi ya shigo. Murya siririya, zaƙwai. Mace ce.

Mahauci ya saki baki. "Ina ƙaton?"

Muka tsaya cak. Wasu suka gwada takunmu na natsuwa, kiɗa ya wuce ya bar su. Kamasho ya harɗe da wandonsa ya zauna a ƙasa. Fili ya ɗauki ihu. 'Yan Anka har suna riƙe ciki.

"Ku rawa kuka yi ko zaman makoki?"

"A ba su tabarma, tsohi sun gaji."

Mutanenmu suka fara zamewa ɗaya-ɗaya. Na waiga. Sarkin dako yana tsaye da hannu a baya, ba fuskata yake kallo ba.

Mai faci ya raɗa mini, "Mu gudu, gurgu. Wanga kiɗi kashe ka shika yi."

Na ƙara damƙe hannunsa. "Taka."

Muka shiga. Takun dai shi ne, jikina ya san shi. Sauri kawai aka ƙara. Gaba, dawo, baya, dawo. Na daina tunanin ƙafa, babu lokacin tunani. Kakaki ya tsage, na ji kuguna yana tafiya da kansa. Mai faci yana huci kamar zugazugi, yana zagina, yana takawa. Ihun da ake mana ya juye. Mata suka rangaɗa guɗa daga zaure. Wata tsohuwa ta kutso ta share mini gumi da bakin zanenta, ta koma. Da matar nan ta ja wata doguwar murya, na juya mai faci, ƙato guda, ya zaga kamar gammo. Nauyinsa da nawa duk suka sauka a kan ƙafar hagu. Na durƙusa a kanta har ƙasa, na miƙe. Ta ɗauka.

Kiɗa ya ƙare muna tsaye, mu biyu rak a fili.

'Yan Anka suka shiga bayanmu. Gaskiya sun iya. Su suka ci, ba gardama. Har muka hau mota suna kwaikwayon takunmu a hankali, kamar masu tafiya cikin ruwa. Ban damu ba. Ina ta dariya ni kaɗai.

Da muka sauka a Gummi, sarkin dako ya fito daga gaba. Ya leƙo bayan mota.

"Gobe da sahe motar gero na tahowa daga Yargalma. Kai ka hawa na hwarko."

Da safe aka jingina katako. Aka ɗora mini buhu. Katakon ya lotsa a tsakiya kamar yadda ya saba, gwiwar ta lanƙwasa tare da shi. Na kai sama, na jefar, na ce a miƙo wani.