Tsohuwa Ta Yarda, Malam Bai Gani Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina cikin buɗe shago ƙanen Malam Laminu ya kira ni, wai Malam ya rasu a Yamai, ciwon zuciya. Har yanzu ƙyaure ɗaya a rufe yake, na kasa ƙarasa buɗewa.

Ga wanda bai san shi ba, ɗan nan Matameye ne, malamin jami'a. Rayuwarsa ta ƙare a bincike kan harsunan da ake ba kwamfuta umarni da su. Shi ya ƙera wata manhaja da ke duba abin da ka rubuta, ta nuna maka kuskure tun bai yi ɓarna ba. Masana a ƙasashen da ban ma san inda suke ba suna kafa hujja da rubuce-rubucensa, ɗalibai sun yi digiri a kan aikinsa. Amma in ya zo gida, a bencin mai shayi za ka same shi yana gardamar farashin hatsi.

Shi ya fara ɗora hannuna a kan kwamfuta ina ɗan lise, wato sakandare. Da na gama, ya samo mini gurbin karatu a wurinsa. Na ɗaure jaka ke nan Inna ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye. Ni kaɗai gare ta. Na kwance jakar, na buɗe wannan shago na buga takardu, ga ni nan har yau.

Bai taɓa ce mini na yi asara ba. Aiki ya ba ni.

Akwai wata kwamfuta a shagona, wallahi ta girmi wasu daga cikinku, in an kunna ta sai ka ce injin niƙa. Malam ya raɗa mata suna Tsohuwa. Dokarsa ita ce, duk gyaran da suka yi wa manhajar ba ya fita duniya sai na gwada shi a kanta, nan Matameye, da wutarmu mai zuwa ta ɗauke. Ɗalibansa sun sha ƙorafi, wai Tsohuwa na ja musu baya, a bar ta a yi gaba. Sai ya ce musu yaron ƙauye irin su Dungu ko Ɗan Barto ba shi da wadda ta fi ta, kuma don shi ake aikin.

Ganina da shi na ƙarshe da Babbar Sallah ne. Ya fara shiga wurin Inna, ya zauna a tabarma, ya ɓare mata dabino da hannunsa. Sannan ya miƙo mini sabon gyaran a ƴar kile, ƴar na'urar nan ta ɗaukar bayanan kwamfuta. Na ce masa ni dai garin nan ya riƙe ni. Ya yi dariya.

“Sani, sunana ya je inda ƙafata ba ta je ba. Amma in Tsohuwa ba ta yarda ba, ban yi komai ba.”

Ta kuwa ƙi yarda. Tun lokacin muke fama, ya gyara ya turo, ta tsaya cak, in mayar masa.

Yau ko gawarsa ba a ɗauka ba, wani ɗalibinsa ya rubuto mini. Cikin ladabi dai, amma ya ce ko in zo Yamai mu ci gaba tare, ko su daina jiran gwajina. Ban ga laifinsa ba. To ina zan je? Jana'izar ma ba zan samu ba. Yanzu haka Inna na kirana daga cikin gida in juya ta. Tafiya ba ta yiwuwa, barin aikin kuma zuciyata ta ƙi. Kuma wanda nake kai wa irin wannan tambaya shi ne ya tafi.

Jiya bayan la'asar gyaran ya wuce, daga farko har ƙarshe ba tangarɗa. Na rubuta masa: “Malam, Tsohuwa ta yarda.” Rezon waya ya ɗauke, saƙon bai fita ba sai da safen nan. Yana nan a wayata, Malam bai buɗe shi ba.

Ya Allah ka jiƙan Malam Laminu, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa iliminsa ya bi shi da lada. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a, ya saka Inna a ciki. Ni kuma ku roƙa mini mafita.