Takin Gayaunar Yaya Sale

Asabar: Unguwar Ɗinya zuwa Minjibir

Ƙarfe shida saura kwata na fito daga gida, ana sallame sallar asuba ke nan, da 'yar jakata da ƙullin gyaɗa da Inna ta ce in kai wa duk wanda ya ba ni amsa mai daɗi. Ba don son raina na yi wannan tafiya ba. Inna ce ta tasa ni gaba kwana uku, har na ga in ban tafi ba ita za ta ɗauki sandarta ta kama hanya.

Ga abin da ya jawo. Yayana Sale ya bar gida shekara ashirin da shida da suka wuce, da niyyar zuwa Makka ta ƙasa. Guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya gangara kudu har Malakal, ya kama sana'ar busasshen kifi, ya auri 'yar can mai suna Maryamu, suka haifi huɗu. Bara wani Alhaji Bala na Bacirawa, mai fatauci zuwa can, ya kawo mana kaset da muryarsa. A ciki ya ce mutanen kudu za su kaɗa ƙuri'a a kan ko su ware su kafa ƙasarsu, ya kuma ce, "In ƙasar nan ta rabu, Inna, gida zan dawo." Inna ta saurari wannan kaset har zarensa ya saki.

Yanzu saura kwana takwas a fara ƙuri'ar, kuma lokacin kai taki ya yi. Gayaunar da marigayi Baba ya yanka wa Yaya Sale, ta gindin tsamiya, ƙanenmu Habu ke noma ta, da ita yake ci da mutum tara. A wurinmu kuwa wanda ya kai wa gona taki da rani, shi ke da ita da damina. Inna ta shekara tana tara toka da kashin awaki a bayan ɗakinta. In ta zuba su a gayaunar da sunan Sale, dole Habu ya cire hannu. Shi ya sa ta ce in je in tambayo masu sani, za a raba ko ba za a raba ba. Ni malamin firamare ne, a ganin Inna kuwa duk wanda ya iya karanta takardar asibiti zai iya gano abin da ke zuciyar mutanen Sudan.

Ɗan acaba ya kai ni Minjibir a kan naira hamsin, kilomita bakwai, sanyi na yankar kunne. Shida da minti biyar muka isa tasha.

Minjibir zuwa Bacirawa

Motar ba ta cika ba sai bakwai da kwata. Direban, wani siriri mai haƙorin Makka, ya kunna rediyo, aka yi dace maganar Sudan ake yi. Mai labaran ya ce hoto biyu ne a jikin katin ƙuri'ar saboda waɗanda ba su yi karatu ba: hannu biyu a haɗe ga mai son a zauna tare, hannu ɗaya a buɗe ga mai son a rabu. Na ce da direba, shi a ganinsa wanne zai ci?

"Malam, ai an gama," ya ce. "Matar da ta kwashe kwanukanta tun kafin a je gaban alƙali, wane biko za ka yi mata?"

Wani dattijo da ke kusa da ni, da buhun barkono tsakanin ƙafafunsa, ya girgiza kai. "Ba za su rabu ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

"Baba, ai jinkar ce ba sa so," in ji direba.

Motar ta ɗauki dariya, ban da ni. Na rasa wanda zan goya wa baya a cikinsu, domin maganar direba ce za ta dawo mini da ɗan'uwa, ita ce kuma za ta raba Habu da abincinsa. Shinge ɗaya muka tarar kafin mu shiga birni. Mai kakin ya leƙo, ya yi atishawa saboda barkonon dattijo, ya ɗaga mana hannu. Na sauka cikin birni na sake mota, tara da rabi ina Bacirawa.

Bacirawa

Rabona da Bacirawa shekara huɗu. Inda na san gonakin dawa, yanzu bulo ne a jere, wasu an yi rufi, wasu an bar su awaki na kwana. Sai da na yi tambaya uku kafin in gane gidan Alhaji Bala. Wani mai faci da ke ƙofar gidan ya ce mini sati biyu ke nan da dawowarsa daga Sudan, amma jiya ya tafi ta'aziyya Bici, ba a san ranar juyowarsa ba.

Tun da na zo, na cika wa Inna ɗaya saƙon. Ta ce in biya wurin wani Malam Tanko mai bugun ƙasa da aka ba ta labarinsa. Ni ban yarda da duba ba, amma na fi tsoron tambayar Inna a kan tsoron zunubin. Na same shi a zaure da faifan yashi a gabansa. Ya share yashin ya ce in faɗi sunan mai matsalar da na mahaifiyarsa.

Na ce, "Malam, ƙasa ce."

"Ƙasa ba ta da uwa a wurina. Kawo sunan mutum."

Na ba shi Sale ɗan Hajara. Ya yi zane-zanensa, ya share, ya sake. Can ya ce, "Rabuwa kam za a yi. Ina ganin tafiya kuma, amma ban ga isowa ba." Da na miƙe na hango rediyo a ƙarƙashin buzunsa, na ce a raina ashe tashar da direbanmu ke kamawa ita aljanun Malam ke saurare. Na ajiye masa sadaka na fito ina murmushi, sai dai rabin maganar tasa ta ƙarshe ta bi ni har bakin titi. Na ci garau-garau na naira saba'in a wata rumfa, ban ji ɗanɗanonsa ba.

Bici

Ɗaya da minti ashirin muka tashi, muka bi ta Dawanau inda manyan motocin hatsi suka tsare mu kusan rabin awa. Uku saura kaɗan muka shiga Bici. A gidan rasuwar aka ce Alhaji Bala ya raka wasu baƙi ƙauye, sai da safe. Na tsaya a bakin hanya ina jin haushin kaina, mutum da furfurarsa yana yawon neman labarin da bai faru ba tukuna.

Na tuna da Malam Yohanna, abokina tun muna kwalejin horon malamai, wanda ƙauyensu ke kilomita biyar yamma da gari. Kirista ne, kakansa bai taɓa shiga masallaci ko coci ba har ya mutu. Na hau acaba zuwa can. Yohanna ya karɓe ni hannu biyu, ya shimfiɗa mini tabarma ya nuna mini gabas tun ban tambaya ba. Matarsa Saratu ta kawo tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, irin wanda ake ci a yi shiru.

Bayan magariba ya ɗauko tsohuwar taswirar da yake koyarwa da ita, ya ɗora yatsa a kan Malakal. Na faɗa masa duk abin da ke tafe da ni.

"Za a raba, Garba, kada ma ka yi shakka," ya ce. "Mutanen da suka binne 'ya'yansu shekara da shekaru ba sa zaɓar hannu biyu. Amma rabuwa ba ta tsayawa inda aka ce ta tsaya. Da aka raba gandun kakanmu cewa aka yi rumbuna kawai za a raba. Yau 'ya'yan baffana ko sunan 'ya'yana ba su sani ba, ga gidansu can kana hangowa."

Ya naɗe taswirar, sannan ya ce, "To shi yayan naka, in an ja layin, ɗan wane ɓangare ne?"

Ban taɓa yi wa kaina wannan tambaya ba. Na kwanta da ita.

Lahadi: Bici

Takwas na safe Yohanna ya sauke ni a ƙofar gidan rasuwar da babur ɗinsa, ya juya don kada ya makara coci. Alhaji Bala na zaune a kan tabarma, ya rame fiye da yadda na san shi. Da ya gan ni bai yi mamaki ba. Muka yi wa mamaci addu'a, ya ja ni gefe, gindin wani darbejiya.

Na ce, "Alhaji, Inna ce ta aiko ni. Za a raba?"

"Malam Garba, ko makaho ya san za a raba. Na baro su suna ɗinka tuta. Ita kanta Maryamu, matar yayanka, ta yi rajista, hannu ɗaya za ta dangwala. Ba ta ɓoye masa ba."

"To yaushe zai taso?"

Ya murza carbinsa. Ya ce ranar da zai baro Malakal sun zauna da Yaya Sale a bakin kogi. Sale ba shi da takardar kowace ƙasa, ta gida ta ɓace tun shekarar da ya isa, ta can kuwa bai taɓa samu ba. A kudu ɗan arewa ake ce masa, a arewa baƙo. Maryamu ta ce ba inda za ta, ta jira wannan rana tun tana yarinya. 'Ya'yan ba wanda ya iya Hausa sai gaisuwa. In ya taho, shi kaɗai zai taho, kuma ba lallai ya sake ganinsu ba.

"Ya ce da ni lokacin da ya yi kaset ɗin nan tsoro ne ya yi magana," in ji Alhaji. "Yanzu ya duba, ya ga ba zai iya barin yara huɗu ya zo ya zauna gindin tsamiya ba. Ko an raba ko ba a raba ba, yana can. Saƙo biyu ya ba ni gare ka, na rasa ƙafar da zan kawo su. Ya ce a bar wa Habu gayaunar har abada. Ya ce kuma, don girman Allah, kada a faɗa wa Inna."

Na ce, "Alhaji, ta yaya zan bar wa Habu gonar ban faɗa wa Inna dalili ba?"

"Ni ma na tambaye shi haka. Kuka ya yi."

Na ji baƙin ciki irin wanda ban ji ba tun rasuwar Baba. Na yi fushi da Yaya Sale, na kuma rasa laifinsa. Na ciro ƙullin gyaɗar Inna na miƙa wa Alhaji, ya ce ta mece ce, na ce tsaraba ce kawai.

Komawa gida

Goma da rabi na bar Bici. Ban riƙe komai na hanyar ba, sai dai a motar Minjibir an sake tayar da gardamar, wani ya ce, "Malam, kai me ka gani?" Na ce masa ban san komai a kai ba. Huɗu da minti goma ɗan acaba ya karyo kwanar Unguwar Ɗinya.

Tun daga nesa na hango gayaunar. Taki ne tsibi-tsibi a jere, daga gindin tsamiya har iyakar gamba, baƙi da toka-toka. Ashe Inna ba ta jira ni ba. Habu ne a tsakiyar gonar da jakinsa, yana kwance mangala, shi ta sa ya yi jigilar da kansa. Ita tana zaune a inuwar tsamiya da sandarta, tana nuna masa inda ya rage.

Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta tambaye ni hanya ba.

"Za a raba?"

Na dubi Habu, na dube ta. Na ce, "Za a raba, Inna. Kowa ya ce za a raba."

Ta ɗaga hannuwa sama ta yi hamdala sau uku, hawaye na bin kumatunta. Ta ce daga gobe har ranar ƙuri'a azumi za ta yi, Allah Ya ba hannu ɗaya sa'a. Ta ce gobe in nemo mai yaɓe ya gyara ɗakin Sale, a kuma yi wa rumbunsa sabuwar jinka.

Da ta miƙe ta nufi gida, Habu ya matso. Ya dubi fuskata, ya daɗe yana dubawa. Tare muka tashi, ba na iya ɓoye masa komai.

"Ba zai zo ba, ko?"

Na ce, "Ya ce gonar taka ce."

Ya waiwaya ya kalli bayan Inna, tana tafe tana dogara sanda, tana magana ita kaɗai. Ya ce, "Tawa ce a faɗar wa?" Ya koma wurin jakinsa. Saura mangala biyu a bayan ɗakinta, na ajiye jakata na bi shi muka kwaso tare.

Ina godiya ga Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Malam Yohanna da Saratu da suka ba ni masauki, da Alhaji Bala da ya sauke kayan da ya ɗauko a kaina. Inna ta fara azuminta ran Litinin. Kullum da yamma takan aiko a kira ni in kunna mata rediyo, ni kuma ina zuwa in kunna.